Ɗaukar Jaka Da Lafiyar Ƙafa: Jawabi Ga 'Yan'uwa Mazauna Kudu

Duk wanda ya baro gida ya zo neman abinci a Ikko ko Badun ko Fatakwal, to jarinsa na farko ƙafarsa ce. Da ita ɗan dako ke ratsa kasuwar Mile 12, da ita ɗan koli ke zaga unguwanni, kuma ran da ta gaza, ran nan abinci ya yanke. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, yadda ake riƙe jaka yana iya lalata ƙafa kamar yadda nauyin jakar ke yi.

Allah Ya halicci kowace ƙafa da ƙasusuwa 26, Ya kuma tsara tafiyar ɗan Adam bisa daidaito, wato idan ƙafar dama ta yi gaba sai hannun hagu ya bi ta. To, idan mutum ya saɓa jaka mai nauyi a kafaɗa guda, ko ya riƙe ta da hannu guda kamar yadda ake yi wa jakar nan da ake kira Gana-mas-go, sai wannan tsari ya rushe. Jiki ya karkata ɗaya gefen don kada ya faɗi, hannun da ke riƙe da kaya ya daina lilo, taku ya gajarce, ƙugu da gadon baya su shiga aikin da ba nasu ba. Ƙafar da ke gefen kayan kuwa ita ke shan mafi yawan nauyin.

Wannan ba ya nuna kansa a rana ɗaya. A hankali sai kanta ta fito a tafin ƙafa, gwiwa ta soma ciwo, diddige ya riƙa suka da asuba idan an fara takawa. Mai son shaida ya juya takalmansa ya duba: idan ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, to ya binciki yadda yake ɗaukar kaya.

Kakanninmu da suka yi fatauci da gammo ba su yi wauta ba. A shekarar 1986 masana suka buga wani bincike a mujallar Nature game da matan Luwo da na Kikuyu a ƙasar Kenya, masu ɗora kaya a ka ko su goya shi da igiyar da ke ratsa goshi. An tarar suna ɗaukar abin da ya kai kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsu ba tare da sun ƙara ɓata ƙarfi ba. Darasin shi ne, kayan da ya zauna a tsakiyar jiki ya fi sauƙi. Amma fa kayan ka idan ya wuce kima, wuya ne ke biyan bashin.

Saboda haka, mai kaya ya raba shi gida biyu, kowane hannu da nasa. In jaka ɗaya ce, ya riƙa sauya hannu tun kafin ya gaji. Jakar goyo a sa igiyoyinta duka biyu, a ɗaure ta manne da baya, a kuma ajiye abu mafi nauyi kusa da jiki. Silifas ba takalmin ɗaukar kaya ba ne, a nemi mai kama diddige. Har ila yau likitoci da dama na ba da shawarar kada jakar ɗan makaranta ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinsa, wato yaro mai kilo 30 kada tasa ta ɗara kilo 4 da rabi. Mai ciwon sukari kuwa ya duba tafin ƙafarsa kowane dare, in ya ga rauni ya garzaya asibiti.

Iyalai na can gida suna zuba ido, kuma ƙafar nan ce ke ciyar da su. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu lafiya, Ya mai da kowa gida da alheri, amin.