Wufa da Amfilifaya a But ɗin Mota: Fis Kafin Kiɗa

A shirinmu na faɗakarwa na yau, da direbobi da samari masu motoci zan yi magana, da masu wayarin da ke yi musu aiki, da iyayen da ke shiga waɗannan motoci da 'ya'yansu.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Kano zuwa Daura, nan cikin Kazaure, ya san motar da tun kafin ka hango ta za ka ji dum-dum ɗinta a ƙirjinka. Wannan bugun daga but yake fitowa. Akwatin katako ne da babbar sifika a ciki, wadda muke kira wufa, sai amfilifaya a gefe tana ba ta ƙarfi. Ban zo don in hana kowa jin daɗin motarsa ba. Wani karatun Alƙur'ani yake sawa, wani wa'azi, wani kiɗan gargajiya, wani labaran rana, kowa da abin da ke ɗebe masa kewar hanya. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake haɗa kayan, domin a nan ne mota ke kama wuta.

Bari mu fara daga inda ƙarar take samo ƙarfi. Batirin mota bolt 12 ne, idan inji yana aiki kuma altanato na cajinsa da bolt 14 ko kusa da haka. Amfilifayar da ke ba da wat 500 na gaskiya, idan bugu ya kai ƙololuwa, takan ja wutar da ta haura amfiya 40. To, altanaton ƙananan motocinmu irin su Golf 3 yawanci amfiya 70 zuwa 90 yake bayarwa gaba ɗaya, kuma daga ciki ne fitilu da fankar lagireto da na'urar sanyi da injin kansa ke ci. Shi ya sa za ka ga mota da daddare a hanyar Roni, duk sanda wufa ta buga sai fitilunta su dushe. Wannan dushewar alama ce cewa an ɗora wa altanato abin da ya fi ƙarfinsa. Idan kuma ka kashe inji ka bar kiɗa yana tashi a majalisa, gobe da safe sai an tura ka.

Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Za ka ga an rubuta wat 3000 da manyan baƙaƙe a kan amfilifayar da ba ta fi tafin hannu biyu ba. Nemi inda aka rubuta RMS da ƙananan haruffa, wannan shi ne ƙarfin da take iya bayarwa a kai a kai. Da shi za ka auna wufar da ta dace da ita, da kaurin wayar da za ka saya.

Yanzu ku tsaya ku saurare ni da kyau, domin nan ne zuciyar shirinmu na yau. Batir yana gaba, amfilifaya tana baya. Ke nan dole a ja waya mai kauri daga kan batir, ta ratsa bangon ƙarfen da ke tsakanin inji da mazaunin direba, ta bi ƙarƙashin kafet, ta wuce gefen kujeru, har ta isa but. Wannan waya tana ɗauke da wuta dare da rana, ko an zare makulli. Motocinmu kuwa ba a kan kwalta kaɗai suke tafiya ba. Suna shiga ƙauyukan Gwiwa da Yankwashi, suna bin burji da duwatsu da ramuka. Kowace girgiza tana goga wayar da bakin ƙarfe, yau kaɗan, gobe kaɗan, har robar ta cinye. Ranar da tsirarar waya ta taɓa jikin mota, batir zai zuba mata wutar ɗaruruwan amfiya a lokaci guda. Cikin daƙiƙu kaɗan sai ta yi ja zur, robar ta narke, kafet ya kama, soson kujera ya karɓa.

Abu ɗaya ne ke tare wannan, shi ne fis. Kuma wurinsa ɗaya ne: kusa da batir, kada ya wuce kamu ɗaya daga kansa, wato kamar santimita 45. Wani mai wayarin zai ce maka ai amfilifayar tana da nata fis a jikinta. Gaskiya ne tana da shi, amma kanta yake karewa. Idan wayar ta goge a ƙarƙashin ƙafar direba, fis ɗin da ke can cikin but bai ma san abin da ake ciki ba. Girman fis kuma da kaurin waya ake auna shi. Waya mai lamba 8 tana tafiya da fis na amfiya 50 zuwa 60, mai lamba 4, wadda ta fi ta kauri, da na wajen amfiya 100. Kuma don Allah, idan fis ya ƙone, kada a ɗaure shi da zaren waya ko takardar azurfar kwalin sigari. Ƙonewar da ya yi aikinsa ya yi. A nemo abin da ya ƙona shi, sannan a sa sabo daidai da lambarsa.

Ita ma wayar sai an sa ido. Manoman rani sun san cewa babban injin ban ruwa ba ya tafiya da siririn tiyo, haka babbar amfilifaya ba ta tafiya da siririyar waya, zafi za ta ɗauka. Idan ka je sayayya, ko a Sabon Gari ne a Kano ko a shagon garinku, ka duba bakin wayar inda aka yanke ta. Akwai wadda robar ce ta yi kauri, zaren ciki ɗan kaɗan. Akwai kuma wadda alminiyam ce aka yi wa rufin jan ƙarfe. Ka kankare zare ɗaya da wuƙa, idan ciki ya fito fari, alminiyam ce, kuma ba ta ɗaukar wutar da jan ƙarfe mai kaurinta ke ɗauka. Idan ita aljihunka ya iya, to sai ka ɗauki wadda ta fi kauri. Inda wayar za ta ratsa ƙarfe kuma, a sa mata zoben roba a bakin ramin. Ɗan abu ne mai araha ƙwarai, amma shi ke hana gogar nan da muka ambata.

Sauran aikin ba shi da wuya ga wanda ya san hannunsa. Kafin a taɓa komai a cire kan batir mai alamar ragi. Wayar da ke komawa jikin mota ta zama gajeriya, kaurinta ɗaya da ta wuta, a kankare fenti har farin ƙarfe ya bayyana sannan a ɗaure ta da noti. Wayoyin sauti su bi gefe ɗaya na motar, ta wuta ta bi ɗaya gefen, in ba haka ba za ka riƙa jin wani siririn kuka a sifika yana hawa da sauka tare da totur. A haɗa siririyar shuɗiyar wayar nan da ke kunna amfilifaya tare da rediyo, don ta mutu idan an kashe shi. Maɓallin da masu wayarin ke kira gen kuma ba na ƙara murya ba ne, na daidaita amfilifaya da rediyo ne. Wanda ya murɗe shi har ƙarshe zai ji sauti yana fashewa, daga nan sai warin ƙuna daga wufa.

But ɗin ma yana da nasa sharuɗɗan. Kafin a huda ƙasansa don ɗaure akwati, a leƙa ƙarƙashi, domin tankin mai da bututunsa da na birki suna nan kusa. Amma lallai a ɗaure shi, saboda akwatin katako mai nauyi da aka bari sake yana iya banko kujerar baya idan aka yi karo. Amfilifaya tana son iska. Mun san zafin watan Afrilu a ƙasar nan, inda yakan haura digiri 40 a inuwa, balle cikin rufaffen but. Ga ranar kasuwa, a loda buhunan gero da riɗi a kanta, a ɗaure murfin da igiya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jarkar fetur da direbobi ke ajiyewa a gefen waɗannan wayoyi. Tururin fetur a rufaffen wuri tartsatsi ɗaya yake jira. Masu motocin da aka mayar masu amfani da gas, waɗanda tukunyar ke zaune a but, su ma kada su bari a ratsa waya kusa da ita sai da sanin wanda ya haɗa musu gas ɗin.

Sai kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ware ranar 3 ga Maris ta kowace shekara don faɗakarwa kan ji, ta ce matasa sama da biliyan 1 ne ke cikin haɗarin rasa jinsu saboda sauraron ƙara mai yawa. A ma'auninta, ƙarar desibel 80 babba zai iya saurarenta sa'o'i 40 a mako ba tare da lahani ba. A desibel 90, sa'o'i 4 ne. A desibel 100, minti 20 kacal, a mako guda. Mota mai wufa da aka ƙure, gilasai a rufe, tana iya wuce 100 ɗin. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikin kunne masu karɓar sauti, idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Idan ka sauka daga mota kana jin kunnenka yana ƙugi, gargaɗi ne. Ka tuna kuma wanda ya fi kusa da akwatin shi ne na kujerar baya, kuma sau da yawa uwa ce da goyo, wanda ba shi da bakin cewa a rage.

Direba kuma da kunnensa yake tuƙi, ba da ido kaɗai ba. Yana buƙatar jin hon ɗin tirela a bayansa, da jiniyar motar asibiti, da ƙarar tayar da ta fara sacewa. Idan ka zo kusa da masallaci ko makaranta ko asibiti, ko ka shigo unguwa bayan sallar isha'i, ka rage. Haƙƙin maƙwabci ne, kuma Najeriya tana da dokar taƙaita ƙara da hukumar NESREA ke kula da ita tun 2009.

Malam mai wayarin, ɗan'uwana, amanar rayuka ce a hannunka. Idan mai mota ya ce a bar fis don a rage kuɗi, ka ƙi aikin. Kai kuma mai mota, in akwai wufa a but ɗinka, kada ka kwana yau ba ka buɗe bonet ba. Ka bi jar wayar nan mai kauri daga kan batir da idonka. In ba ka ga fis ba cikin kamu ɗaya, ka sa a cire ta daga batir, sai an sa fis ɗin a mayar. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu.