Laccar Wannan Mako: Inda Muka Rabu Da 'Yan Kasuwa A Zanga-zangar Agusta



Yau ba laifin Gwamnati muka zo ƙirgawa ba, wannan kowa ya gan shi a tukunyar gidansa. Namu za mu faɗa, ko da zai yi ɗaci.

Ran 1 ga Agusta 2024 da aka fita zanga-zangar tsadar rayuwa a Kano, da safe kusan kowa namu ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023, wa bai ji a jikinsa ba? Amma kafin la'asar an fasa ginin Hukumar Sadarwa an kwashe kaya, an taɓa shagunan mutane, Gwamna kuwa ya sa dokar hana fita ta awa 24.

To, ku tuna da ɗan dako a Singa, da mai tebur a Kantin Kwari, da mai koko a bakin Kurmi. Waɗannan sai sun fita sun samo sa'an nan a ɗora tukunya. Mu kuwa muka ce musu kwana goma za a yi! Ma'aikaci albashinsa na jiransa ƙarshen wata, amma mai tebur in ya kwana uku bai buɗe ba, uwar kuɗi ya fara ci. Sa'an nan ga tsoron a fasa masa rumfa. Mutumin da ya tafa mana ran Alhamis, ran Asabar addu'a yake Allah ya kawo ƙarshen abin. Kada kowa ya ce masa matsoraci, yunwar da ta fito da mu ita ta mai da shi.

A Janairu 2012 ba haka aka yi ba. Magana ɗaya ce, watau kuɗin mai, ga kuma shugabannin ƙwadago da kowa ya san sunansu. Lita ta sauko daga naira 141 zuwa 97. A Agusta kuwa bukatu sun yi yawa, ba kuma wanda zai ce a tsaya a tsaya. Da aka ɗaga tutar Rasha, sai muka miƙa wa Gwamnati sanda da hannunmu: aka bar zancen mudun masara, aka koma zancen cin amanar ƙasa.

Jama'a ba su sake juyowa ba sai a Nuwamba, da aka ga yara suna faɗuwa a kotun Abuja don galabaita. Aka yi ca, aka sake su. A lokacin litar mai ta haura naira 1,000.