Jawabin Shugaban Makaranta a Bikin Buɗe Ɗakin Koyon Kiɗa



Ranka ya daɗe Hakimi, uban ƙasa, Allah ya ƙara maka lafiya da nasara. Wakilin Ma'aikatar Ilimi, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, tsofaffin ɗalibanmu da suka ɗauki nauyin wannan aiki, malamai abokan aikina, iyayenmu maza da mata, da ku 'ya'yana ɗalibai, barkanmu da ganin wannan rana.

Ɗakin da za a buɗe yau ba wani babba ba ne. Bara war haka ma'ajiyar karyayyun kujeru ce. Yanzu in kun leƙa za ku ga kalangu da kotso a rataye, ga gurmi da kuntigi, ga sarewa da algaita, ga ƙorai da shantu na 'yan mata, can gefe kuma ga fiyano da jita.

Tun muna shirin wannan aiki wani dattijo cikin iyayen yara ya tare ni a bakin ofis. Ya ce, "Malam, mun kawo su ne su zama likitoci, kai kuma za ka mai da mana su maroƙa?" Ban ga laifinsa ba, don na san ba shi kaɗai ke da wannan tambaya a rai ba. Shi ya sa zan amsa ta a nan, gaban kowa.

A da, kiɗa gado ne. Yaro zai tashi gidan makaɗa, ya fara da amshi, a ba shi kanzagi ya yi shekaru yana bin manya kafin a yarda ya rataya babban kalangu. Kowace sana'a da kiɗanta: mahauta da kalangu, maƙera da dundufa, manoma da gangar noma ranar gayya, fada kuma da tambari da kakaki. Gida shi ne makarantar. Yau 'ya'yan makaɗa suna zaune cikin azuzuwanmu tun safe, wasu sun kama wasu sana'o'in, mai sha'awar waƙa kuma ya nufi situdiyo inda kwamfuta ke fitar masa da kowane amo. Ba na kushe kwamfuta. Amma ba ta san yadda ake ɗaure fata a bakin ganga ba, kuma ba za ta riƙe hannun yaro ta gyara masa riƙon makaɗi ba. Makarantar gida ta watse, ba mu kuma gina wata a madadinta ba.

Kada a ce ina zuzutawa. A gaɓar Tafkin Cadi, a wajen Buduma, akwai wani abin kiɗa mai siffar kwalekwale da tsirkiya biyar, ana ce masa biram. An kai lokacin da gwaninsa ya rage mutum ɗaya, wani tsoho mai suna Bukar Tar. Sai Malam Maman Barka na Nijar, wanda shi ma malamin makaranta ne kafin kiɗan gurmi ya fito da shi, ya tattara ya tafi ya zauna gaban tsohon nan ya koya. Da bai je ba, da an binne biram tare da mai shi. Barka ya rasu a 2018, amma kafin nan ya kai biram ƙasashen Turai. A birnin Yamai kuwa akwai cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya, inda ake adana kayan kiɗan gargajiya ana koyar da su. Mu a nan, tun 1971 wasu Turawa biyu, David Ames da Anthony King, suka buga littafi guda kan kalmomin kiɗan Hausa. Na duba shi, na ga sunayen kayan kiɗan da ni kaina, da furfurata, ban taɓa jin amonsu ba. Abin ya tsaya mini a rai.

To, me yaro zai samu a ɗakin nan? Ku ɗauki kalangu. Mai kiɗa yana matse tsirkiya a hammata murya ta hau, ya sassauta ta sauka, har gangar ta yi magana mai jin Hausa ya gane abin da ta ce. Dalili kuwa harshenmu mai karin sauti ne. Darasin da malamin Hausa ke fama da shi a kan allo zango guda, kalangu zai zuba wa yaro shi a kunne cikin mako. Malamin kimiyya ma in yana neman misalin yadda tsauri da tsawon tsirkiya ke sauya amo, ga gurmi nan. Sannan ga haƙuri. Mai algaita yana busa yana shaƙar iska ta hanci lokaci guda, sautin bai yanke ba. Wannan ba a samunsa sai da watanni ana gwadawa ana kasawa. Yaron da ya jure haka, lissafi ba zai firgita shi ba.

Batun roƙo kuwa, a ɗakin nan ba za a koya wa kowa wasa mutum don ya ba shi kuɗi ba, ba zambo, ba habaici, ba batsa. Ilimin abin muke nema. Mamman Shata, mutumin Musawa, kalangu ne ya kai shi har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988. Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya a jikin ɗan kuntigi ya yi wa al'umma nasiha har ya koma ga Allah a 2015. A Jami'ar Bayero, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana rubutu kan makaɗa da mawaƙan Hausa, kuma ɗalibai na samun digiri a kan waƙoƙin Narambaɗa da Ɗanƙwairo. Kiɗa darasi ne da WAEC da NECO ke shirya wa jarrabawa.

Na san akwai iyayen da, bisa fahimtarsu ta addini, ba sa son 'ya'yansu su taɓa kayan kiɗa. Muna girmama wannan matuƙa. Ba yaron da zai shiga sai da izinin mahaifinsa a rubuce, darasi ba zai ci lokacin salla ko na Islamiyya ba, 'yan mata kuma da ranarsu da malamarsu.

Ranka ya daɗe, ga roƙonmu. Kaya mun samu, hannu muke nema. A ƙasarka akwai tsofaffin makaɗan da suka jingine ganguna don ba mai karɓa. Ka sa baki su riƙa zuwa ko sau ɗaya a mako. Za mu shimfiɗa musu tabarma, mu kira su malamai, mu biya su haƙƙinsu kamar kowane malami.

Ku kuma 'ya'yana, in sun zo ku durƙusa ku gaishe su, ku buɗe kunne, ku rubuta abin da suka faɗa. Allah ya yi muku albarka.

Yanzu ina roƙon mai girma Hakimi, cikin ladabi, ya taso ya buɗe mana ƙofar.