Tsohuwar Mazaɓar Tarayya ta Jos ta Arewa da Darasin da Ke Cikin Tarihinta

 

Akwai tambayar da ma'aikatan Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa, wato INEC, suke yawan ji daga bakin jama'a a wannan gari: me ya sa aka haɗa Jos ta Arewa da Bassa a kan kujera ɗaya ta Majalisar Wakilai, alhali dattawa suna tuna lokacin da kowace ke da nata wakili? Tambayar tana da muhalli, kuma dattawan ba su yi mantuwa ba. An taɓa yin mazaɓar tarayya ta Jos ta Arewa ita kaɗai. An haife ta a 1992, ta shuɗe a 1993. Domin ku fahimci yadda ta zo da yadda ta tafi, sai mun koma baya kaɗan, don Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya.

Kun san cewa kuza ce ta tara mutane a Jos. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka buɗe ramukan haƙa a wannan tudu, jirgin ƙasa ya iso daga Zariya, daga baya wani layin ya iso daga Gabas. Hausawa da Fulani da Yarbawa da Ibo da Barebari da Nufawa suka zo neman abinci a cikin ƙasar da Afizere da Anaguta da Berom suke zaune. A 1926 aka kafa Lardin Filato. Duk da yawan jama'ar nan, babu wanda ke da ƙuri'a. Tsarin mulkin Gwamna Clifford na 1922, wanda ya fara kawo zaɓe a Nijeriya, kujeru 4 kawai ya tanada, 3 a Ikko, 1 a Kalaba, kuma sai namiji mai samun fam 100 a shekara ne ke iya jefa ƙuri'a. Arewa ba ta cikin lissafin sam.

A 1951 zaɓe ya shigo Arewa, amma hawa-hawa. Maza masu biyan haraji sukan taru a unguwa su fitar da mutum, waɗanda aka fitar su sake taruwa su fitar da wasu, har a kai matakin lardi, daga nan a tura wakilai majalisar Kaduna, ita kuma ta zaɓi masu tafiya Ikko. Talaka yakan ɗaga hannu a ƙofar mai unguwa, amma sau da yawa bai san wanda ya je Ikko da sunansa ba.

Ranar 12 ga Disamba 1959 ce ranar farko da mutumin Jos ya zaɓi wakilinsa na tarayya kai tsaye kuma a asirce. An raba ƙasar gida 312, Arewa ta sami 174. Kowane ɗan takara yana da akwatinsa a bayan labule, ɗauke da alamar jam'iyyarsa: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, zakara na NCNC, bishiyar kwakwa ta AG. A wannan zaɓe ne wani matashin malamin makaranta daga Langtang, Solomon Lar, ya shiga Majalisar Wakilai a tutar UMBC. Sai dai ku lura, iyayenmu mata na Arewa ba su jefa ƙuri'a ba a wannan rana, ko da yake matan Kudu sun jefa. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a fafutukar neman wannan haƙƙi, kuma ba a same shi ba sai a 1976.

Mazaɓun Jamhuriya ta Farko sun faɗi tare da gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ranar 15 ga Janairu 1966. Shekara 13 aka yi babu mazaɓa, babu wakili. A tsakanin nan taswira ta sauya sau biyu: a 1967 Jos ta zama hedikwatar Jihar Binuwai-Filato, a 1976 kuma ta zama hedikwatar Jihar Filato. Da farar hula suka dawo a 1979, hukumar FEDECO ta shata mazaɓu 449, Jihar Filato, wadda a lokacin ta haɗa har da Lafiya da Keffi da Akwanga, ta sami 16. An kuma rage shekarun mai zaɓe daga 21 zuwa 18. Waɗannan mazaɓu ma ba su yi tsawon rai ba, domin ranar 31 ga Disamba 1983 sojoji sun sake karɓar mulki.

Yanzu mun iso ga mazaɓar da muka taru a kanta. A 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro sababbin jihohi da ƙananan hukumomi. A cikin wannan aiki aka raba tsohuwar Ƙaramar Hukumar Jos gida biyu: Jos ta Arewa, wadda ta ɗauki tsakiyar gari har da nan Dutse Uku, da Jos ta Kudu mai hedikwata a Bukuru. Tsarin da aka yi wa Jamhuriya ta Uku ya ce kowace ƙaramar hukuma mazaɓar tarayya ce. Saboda haka Majalisar Wakilai ta kumbura ta kai kujeru 593, Jos ta Arewa ta sami tata, Bassa ta sami tata, Jos ta Kudu ma haka.

An yi zaɓen ranar 4 ga Yuli 1992 a ƙarƙashin hukumar NEC ta Farfesa Humphrey Nwosu. Jam'iyyu biyu ne kacal, SDP da NRC, kuma gwamnati ce ta kafa su duka. Waɗanda suka yi zaɓe a wancan zamani za su tuna tsarin ƙato-bayan-ƙato, inda mutum zai tsaya a layi a bayan hoton gwaninsa, a ƙirga kawuna a bainar jama'a. Tsarin ya rage cushen ƙuri'a, amma ya tona asirin mai zaɓe a gaban mai gidan haya da uban ɗaki da maƙwabci. An rantsar da majalisar a Abuja a watan Disamba na 1992, sai dai wuƙa da nama suna hannun sojoji, abin da wakilai za su iya taɓawa ƙalilan ne. Daga nan aka soke zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga Yuni 1993, aka kafa gwamnatin riƙon ƙwarya ta Cif Ernest Shonekan, kuma a watan Nuwamba na shekarar Janar Sani Abacha ya rushe majalisun ƙasar baki ɗaya. Wakilin Jos ta Arewa bai cika shekara guda a kan kujerarsa ba. Daga ranar nan ba a sake yin zaɓen majalisar da ta zauna da sunan wannan mazaɓa ita kaɗai ba.

A 1996 aka cire Jihar Nasarawa daga Filato, aka kuma ƙirƙiro Jos ta Gabas. Ƙananan hukumomin ƙasar suka kai 774, ya zamana ba zai yiwu a ba kowace kujera ba. Shatar da hukumar NECON ta yi a wancan lokaci ita ce tushen wadda muke aiki da ita har yau. Kundin tsarin mulki na 1999 ya tsayar da kujerun Majalisar Wakilai a kan 360. Jihar Filato mai ƙananan hukumomi 17 ta sami 8, don haka dole aka haɗa wasu da wasu: Jos ta Arewa da Bassa, Jos ta Kudu da Jos ta Gabas, Barikin Ladi da Riyom, Mangu da Bokkos, Pankshin da Kanke da Kanam, Langtang ta Arewa da ta Kudu, Mikang da Qua'an Pan da Shendam, sai Wase. Tun zaɓen 20 ga Fabrairu 1999, mai zaɓe a Dutse Uku ko Gangare ko Tudun Wada da mai zaɓe a Miango ko Jengre wakili ɗaya suke turawa Abuja.

Idan kun bi wannan tarihi, za ku ga cewa a cikin shekara 40, daga 1959 zuwa 1999, an raba Nijeriya gida 312, aka raba ta 449, aka raba ta 593, aka dawo 360. Duwatsun da wannan unguwa ta ci sunansu ba su motsa ba, amma layin mazaɓa ya yi ta ƙaura a kewayensu. Layi ne da doka take shatawa domin a ƙirga jama'a a ba su murya, kuma dokar da ta shata shi ita ke da ikon gyara shi. Ba ya tabbatar wa wata ƙabila mallakar ƙasa, ba ya kuma raba wani da gidansa.

To yaya ake gyara shi? Sashe na 71 na kundin tsarin mulki ya ɗora wa INEC aikin raba ƙasa zuwa mazaɓu. Sashe na 72 ya ce kada mazaɓa ta tsallaka iyakar jiha, yankunanta su kasance a haɗe gwargwadon iko, yawan jama'arta kuma ya yi kusa da kason da ya dace. Ana samun kason ne ta raba yawan mutanen ƙasa da 360. Ƙidayar 2006 ta ba Nijeriya sama da mutum miliyan 140, wato kimanin mutum 390,000 ga kowace kujera. Ƙidayar ta ba Jos ta Arewa sama da 400,000, ta ba Bassa sama da 180,000. Wannan lissafi ne ke sa wasunku neman a sake duba lamarin. Sashe na 73 ya ba hukuma damar sake nazarin iyakoki bayan aƙalla shekara 10, ko bayan ƙidaya, ko bayan sauyin iyakar jiha. Sashe na 74 kuwa ya ce gyaran ba zai fara aiki ba sai Majalisar Dattawa da ta Wakilai sun amince, kuma sai wa'adin majalisar da ke zaune ya ƙare. Ku tuna kuma kujerun 360 ne, duk inda aka ƙara ɗaya, an rage ta ne daga wani wuri, shi ya sa maganar take buƙatar haƙuri da hujja. Hanyarta ita ce takardar koke zuwa ga hukuma, da zaman jin ra'ayin jama'a, da matsa wa wakilanku lamba, da fitowa a ƙirga ku da iyalanku duk ranar da aka yi ƙidaya.

Ba ma buƙatar mu ba mutanen Dutse Uku labarin ɗaya hanyar. Kun ga Afrilu 1994, kun ga Satumba 2001. Kun ga abin da ya biyo bayan zaɓen ƙaramar hukuma na 27 ga Nuwamba 2008, wanda hukumar zaɓe ta jiha ta gudanar, inda aka rasa ɗaruruwan rayuka. Kun ga Janairu 2010 a ƙofar gidajenku. Maƙwabtan da suka yi shekaru suna aron gishiri a tsakaninsu sun rabu, an bar kangaye, an bar marayu a kowane ɓangare. Duk wannan asara ba ta matsar da iyakar mazaɓa ko da taku ɗaya ba, ba ta kuma ƙara wa kowa kujera ba.

Akwai kuma abin da ba ya sauyawa ko ina layin ya faɗa, wato haƙƙinku na zaɓe. Sashe na 77 ya ce duk ɗan Nijeriya da ya kai shekara 18 yana da haƙƙin yin rajista. Jami'in rajista ba zai tambaye ku takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ba, ba zai tambaye ku addini ko yare ba. Abin lura shi ne inda kuke zaune ko kuke aiki ko kuka fito. Jos ta Arewa tana da gundumomin rajista 14, kuma a 2021 hukuma ta ƙara rumfunan zaɓe na ƙasa daga 119,974 zuwa 176,846 domin a rage cunkoso da nisa. Idan rikici ko neman abinci ya sa kun sauya unguwa, ku je ofishin INEC na ƙaramar hukuma ku nemi a mayar da rajistarku rumfar da ke kusa da ku tun kafin a rufe. Kada ku yi rajista sau biyu, laifi ne a doka. Ku karɓi katinku na dindindin da hannunku, kada ku ba kowa ajiya, kada ku sayar. Ranar zaɓe na'urar BVAS za ta tantance ku da yatsa ko fuska, ku dangwala a asirce, abin da masu zaɓen 1992 ba su samu ba.

Wanda ya ci kujerar Jos ta Arewa da Bassa wakilin kowa ne a mazaɓar, wanda ya zaɓe shi da wanda bai zaɓe shi ba. Ku tambayi 'yan takara abin da suka tanada game da ruwan sha da tsaro da makarantu, a cikin gari da ƙauyukan Bassa. Idan wakili ya gaza, Sashe na 69 ya ba ku damar yi masa kiranye, da sa hannun fiye da rabin masu rajista a mazaɓar, sannan ƙuri'ar raba gardama. Mafi sauƙi kuma, bayan shekara 4 ƙuri'a tana dawowa hannunku.

Sau uku mazaɓun wannan gari suka rushe, a 1966 da 1983 da 1993, kuma duk ukun da faɗuwar mulkin farar hula suka tafi. Wadda kuke ciki yanzu ta fi dukansu daɗewa, domin tun 1999 ake zaɓe ba yankewa. Ku taimaka ta ɗore ta hanyar yin rajista, da fitowa ranar zaɓe da katinku, da bin layi cikin natsuwa, da kai kokenku inda doka ta tanada.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Dutse Uku da Jihar Filato da Nijeriya baki ɗaya.