Jawabin Buɗe Cibiyar Katin Ɗan Ƙasa da Lasisin Tuƙi

  

Duk direban da ke wannan rumfa ya san wahalar neman lasisi. Bayan makarantar koyon tuƙi, sai gwaji wurin jami'an VIO, sai biyan kuɗi ga hukumar haraji ta jiha, sai ɗaukar hoto da zanen yatsu a Hukumar Kiyaye Haɗurra, FRSC. A tsakanin waɗannan ofisoshi 'yan cuwa-cuwa suka yi kaka-gida. "Kawo kuɗinka, gobe ka zo ka karɓa." Da yawa sai a shingen bincike suke gane cewa jabu aka miƙa musu.

Daga yau a nan za a cike fom ta intanet, a biya kuɗi kai tsaye cikin asusun gwamnati, mutum ya fita da rasit a hannu. Tushen aikin kuwa lambar NIN ce, mai alƙaluma 11, wadda hukumar NIMC da aka kafa da dokar 2007 take bayarwa. Tun Disambar 2020 aka umarci kowa ya haɗa ta da layin wayarsa, yanzu ga fasfo da jarrabawar JAMB duk sun rataya a kanta.

Ku kuma 'ya'yana ma'aikata, ku saurara da kyau. Kwamfuta ba ta san sani ba, kuma ba ta san uzuri ba. Mu a wurinmu Muhammadu da Muhammad da Mohammed mutum ɗaya ne. Ita a wurinta uku ne. Harafi guda ya kauce, ko a rubuta wa dattijo 1 ga Janairu don ya ce an haife shi shekarar fari, to an ɗaura masa zirga-zirgar gyara da kashe kuɗi, wataƙila har kujerar Hajji ta kuɓuce masa. Ku karanta wa mutum sunansa da babbar murya, ya amsa, kafin ku tura.

Muna roƙon gwamnati ta kula da wutar sola da sabis, don "babu netwok" ta kashe wuraren da suka fi wannan kyau.

Da sunan Allah na buɗe wannan cibiya. Kowa ya zo da kansa, kada ya aiko ɗan tsakani. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.