Tsirkiya da Tsagiya: Gadon da Kayan Kiɗanmu Suka Samu daga Garke da Daji

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na 'yan asalin Garun Malam)

 

A irin wannan taro mun saba tattauna batun taki da farashin tumatir da gyaran hanya. Yau muna neman izini mu ɗan karkata zuwa wani abu siriri da ke neman ɓace mana ba tare da mun ankara ba, wato igiyar da ke sa kayan kiɗanmu su yi magana.

Kakanninmu ba su je kanti neman wannan igiya ba. Mai goge da mai kukuma wutsiyar doki suke nema. Dogon gashinta, wanda ake kira tsagiya, shi ake tsefewa a daidaita silinsa, a ɗaure a kan ƙoƙon da aka rufe da fatar guza, a ɗora shi bisa ɗan itacen da ake ce wa jaki. Bakan da ake gogawa da shi ma tsagiya ce. Sai an shafa masa ƙaro yake kama igiyar yana saki, yana kamawa yana saki, kuma daga nan ne kukan nan mai ratsa zuciya yake fitowa. Mai garaya da mai molo kuwa mahauta suke jira, su karɓi jijiyar saniya ko su yanki fata siriri, a jiƙa, a murza, a miƙe ta a bar ta ta bushe, sannan ta zama tsirkiya. Sunan nan ɗaya ne da na igiyar bakan maharbi, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda garaya kiɗan maharba ce tun asali.

Ke nan kafin makaɗi ya fitar da sauti ɗaya, sai mai doki da mahauci da majemi da mai noman duma da mai ɗebo ƙaro sun sa hannu. Kukumar Ahmadu Doka da gurmin Haruna Uji da gogen Garba Liyo, duk wannan zumunci na sana'o'i ne ya haife su.

Hikimar ba tamu ce mu kaɗai ba. Turawa sun daɗe suna murza hanjin tumaki su yi igiyar kayan kiɗansu, mutanen Sin kuma suna amfani da siliki. Har gobe bakan gogen Turawa gashin doki ne. Makwabtanmu Buzaye suna da nasu gogen mai suna imzad, wanda mata ke kaɗawa, kuma a shekarar 2013 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar da Mali da Aljeriya. Abin da wasu suka kai gaban duniya, mu muna jin nauyin ambatonsa.

To, me ya sauya? Na farko, a shekarar 1935 aka ƙirƙiro zaren nailan a Amurka. Da ya iso kasuwanninmu a matsayin zaren kamun kifi, makaɗa da yawa suka koma masa, kamar yadda masu kora na Mali da Gambiya suka bar murzajjiyar fata. Ba za mu ga laifinsu ba: yana da araha, ba ya saurin tsinkewa, kuma danshin damina ba ya sa shi saki kamar jijiya. Hasali ma makaɗin Bahaushe bai taɓa ƙin sabon abu ba. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da gwangwanin kifi aka haɗa kuntiginsa, ya kuma zaga duniya da shi.

Na biyu ya shafi ƙasarmu kai tsaye. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya biyo magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, noman rani ya bunƙasa, Kwanar Gafan ta yi suna da tumatir. Mun gode wa Allah da wannan arziki. Amma daji ya zama gona, itatuwan ƙaro sun ragu, guza ta yi wuyar gani, doki kuma ya bar wa babur hanya, sai ranar hawan salla ake ganin sa. Idan kayan aiki suka yi ƙaranci, masu sana'a sukan watse, ilimin kuma ya bi su kabari.

Mun san akwai masu ƙyamar goge da garaya saboda alaƙarsu da bori da wuraren masha'a, kuma ba mu zo yin jayayya da malamanmu ba. Ba kiran a farfaɗo da abin da addini ya hana muke yi ba. Sanin yadda ake sarrafa jijiya da gashi da fata ilimin sana'a ne, kuma tarihin mutanenmu ne. Wanda bai rubuta tarihinsa ba, wani zai rubuta masa. A 1971 wasu Turawa biyu, Ames da King, suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa. Ashe bai kamata a ce mu ma muna da namu ba?

Saboda haka muna roƙon wannan ƙungiya abubuwa uku. A naɗa ƙaramin kwamiti da zai bi ƙauyukanmu, daga Chiromawa zuwa Kadawa, ya ɗauki bayanin dattawan da suka san aikin tun suna raye. A sayi samfurin kowane abin kiɗa mai igiyar asali a ajiye a ɗaya daga makarantunmu, domin ɗalibai su gani da idonsu. Sannan a sa itatuwan ƙaro cikin dashen da muke yi kowace damina. Ku kuma 'yan'uwa mazauna birni, idan kun zo gida da yaranku, ku kai su wurin waɗannan dattawa su ji daga bakinsu. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Allah Ya ja zamanin iyayenmu, Ya albarkaci Garun Malam, Ya mai da kowa gidansa lafiya.