Tsakanin Aji Shida Da Ƙofar Jami'a



Ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ba ni damar yin magana a gaban magabatana. Labari ɗaya zan ba ku, sannan in yi muku roƙo.

A ma'aikatar da nake aiki akwai wata dattijuwa mai share mana ofis, muna kiran ta Iya. Wata rana ta miƙo mini takarda a naɗe cikin leda, ta ce, "Ɗana, duba mini wannan, an ce 'yata ta ci jarrabawa." Da na buɗe sai na ga sakamakon NECO ne, ta samu kiredit a Turanci da lissafi da duk darussan kimiyya. Shekararta biyu da gamawa. Na ce, "Iya, ina yarinyar take?" Ta ce tana gida tana suyar awara, amma kullum da dare sai ta ɗauko tsofaffin littattafanta tana bita.

Ni da abokan aikina muka yi karo-karo muka damƙa wa Iya kuɗin fom ɗin JAMB. A makon nan ƙanin yarinyar ya kwanta rashin lafiya, kuɗin suka tafi asibiti. Ban ga laifin Iya ba, ko ni ne abin da zan yi ke nan. Amma an rufe rajista, shekara guda ta sake wucewa.

Da shekara ta zagayo sai na tsaya da kaina, a nan na gane cewa matsalar ta wuce ta kuɗi. Tun daga 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar katin ɗan ƙasa, ita kuwa ba ta da ita. Tun daga 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar, alhali ba ta taɓa sa hannu a kan kwamfuta ba, sai da muka kai ta wani shago ta koya. Mahaifinta kuma ya ƙi amincewa. Na ɗauki wani dattijo muka je muka durƙusa muka gaishe shi. Ashe ba karatun yake ƙi ba, tsoronsa inda za ta zauna da wanda zai sa mata ido. Da wata abokiyar aikinmu ta ɗauki nauyin zama mata uwa a can, sai ya sa albarka. Yanzu haka tana aji biyu a jami'a.

'Yan'uwa, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa karatu ya zama kyauta kuma tilas daga firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. A 2024 kuma gwamnatin tarayya ta fara ba ɗalibai rance marar ruwa ta asusun NELFUND, amma sai wanda ya riga ya samu gurbi a babbar makarantar gwamnati. To, tsakanin aji shida da ƙofar jami'a, wa ke riƙe hannun ɗan talaka? Kuɗin jarrabawa, kuɗin mota, kuɗin karɓar gurbi: abin da ɗayanmu ke kashewa a biki guda ya fi su, amma in ba su zo a kan lokaci ba, an yi asarar shekara.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya abubuwa uku. Na farko, mu buɗe asusu na musamman, malamai su zaɓo mana ɗalibai masu himma marasa galihu tun suna aji biyar. Na biyu, kada a ba kowa kuɗi a hannu. A biya kai tsaye, a kawo rasit gaban taro. Na uku, kowane ɗalibi a haɗa shi da ɗayanmu, mace da mace, namiji da namiji, wanda zai san gidansu, ya kuma san ranar rufe rajista.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da yawa daga cikinmu wani ne ya biya mana kuɗin jarrabawa, wataƙila har ya rasu ba mu yi masa godiya ba. Ga hanyar biyan bashin nan ta samu. Ni dai na sa sunana na farko a takardar da ke hannun ma'aji, ina fata ba za a tashi taron nan ba sai ta cika.